Tsara gashin cutar kansa: me karatu daga nesa zai koya miki, me sai a asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar sashen ɗaukar hoto ce a wani asibitin koyarwa a Arewa, kuma yawancin aikina a kan na'urar CT yake. Asibitinmu yana da sashen gashin kansa, wato inda ake kashe cutar kansa da hasken na'ura, an kuma ce ana neman waɗanda za su koyi tsara gashin a kwamfuta. Na ga wasu jami'o'in Ingila suna bayar da digiri na biyu a wannan fanni ta intanet, ba sai mutum ya je can ba. Ina da aure da yara, barin gida na shekara biyu ba zai yiwu mini ba. Aikin da ran mutum ya rataya a kansa zai koyu daga nesa kuwa? Takardar za ta amfane ni a nan gida, ko asarar kuɗi kawai zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri bisa wannan niyya. Zai koyu, amma da sharaɗi: ki tabbata kina da kujera a ɗakin tsara gashi na asibitinku, da manhajar da za ki riƙa taɓawa duk mako, da wanda ya ƙware zai riƙa duba aikinki. In waɗannan uku sun samu, karatun zai amfane ki ƙwarai. In ba su samu ba, ki riƙe kuɗinki tukuna.

Kafin na'ura ta haska mara lafiya ko sau ɗaya, sai an kwantar da shi a yanayin da zai iya maimaitawa kullum har makonni. In a kai ko a wuya ƙarin kansar yake, ana tausasa wata roba mai raga a ruwan ɗumi, a ɗora masa a fuska ta bushe da siffarsa, don kada ya motsa. Sai a ɗauki hoton CT. A nan kina gaba da abokan karatunki da yawa, amma ki lura hoton tsari ya sha bamban da wanda kika saba. Gadon shimfiɗaɗɗe ne kamar na na'urar gashi, ba mai lanƙwasa ba. Ana daidaita jiki da hasken leza, a yi alama a fata. Kuma lambobin Hounsfield, ma'aunin haske da duhun hoton CT, da kike dubawa don gane cuta, a nan kwamfuta ce take juya su ta gane kaurin ƙashi da tsoka da iskar huhu, domin da su take lissafin yadda hasken zai ratsa jiki.

Daga nan sai shata iyaka. Likitan kansa ya zana ƙarin da ido yake gani a hoto, shi ne GTV. Ya ƙara wurin da ake zaton cutar ta yaɗu ba a gani, shi ne CTV. Sai a ƙara 'yan milimitoci saboda numfashi da motsi da bambancin kwanciyar yau da ta gobe, a samu PTV. Wannan tsari ya fito ne daga rahoton ICRU, hukumar duniya mai kula da ma'aunin irin wannan haske, mai lamba 50 na shekarar 1993, aka faɗaɗa shi a mai lamba 62 a 1999, da mai lamba 83 a 2010. Sai a zana sassan jikin da ake tsoron ƙonawa: laka, zuciya, huhu, mafitsara, dubura, ƙoda, idanu. Aikin mai tsari shi ne ya zaɓi ta inda haske zai shiga, da ƙarfinsa, da siffarsa, yadda ƙari zai sha cikakken abin da likita ya rubuta, lafiyayyen nama kuma ya tsira.

Ɗauki kansar bakin mahaifa, wadda za ki fi yawan gani tare da ta mama. Da Gy ake auna yawan hasken da jiki ya sha. Likita yakan rubuta Gy 45 a zama 25, wato Gy 1.8 kowace rana, kwana biyar a mako, sannan a bi da gashin ciki, inda ake sanya sinadari mai fitar da hasken a jikin mahaifar kanta. Ana so a kammala duka cikin mako takwas, domin in aka ja lokaci ƙwayoyin cutar suna sake hayayyafa, damar warkewa tana raguwa. To, a ce na'ura ta lalace a mako na uku, ta yi kwana goma ba ta aiki, abin da duk ma'aikacin wannan fanni a Najeriya ya san yana faruwa. Me za a yi wa wannan baiwar Allah? A ƙara mata yawan zama? A yi mata sau biyu a rana da tazarar aƙalla awa shida? In an ƙara girman kason kowace rana, me zai samu duburarta da mafitsararta bayan shekara biyar? Amsar tana cikin lissafin yadda ƙwayoyin halitta suke karɓar haske, inda ake ɗaukar alfa bisa bita, lambar da ke nuna yadda girman kason kowace rana yake shafar nama, a matsayin 10 ga yawancin ƙari, 3 kuma ga naman da illarsa ke bayyana a makare. Wannan lissafin ne ya sa ba a kwatanta jimillar Gy kai tsaye. A kansar mama an daɗe ana bayar da Gy 50 a zama 25, gwaje-gwajen START na Birtaniya suka nuna Gy 40 a zama 15 ya wadatar, sannan a 2020 gwajin FAST-Forward ya nuna Gy 26 a zama biyar kacal bai gaza ba. Ga matar da ta taso daga ƙauye ta kama ɗaki kusa da asibiti, bambancin mako biyar da mako ɗaya ba ƙarami ba ne.

Duk wannan ilimin yana koyuwa daga nesa, har ma zan ce ya fi zama a kai idan mutum yana karanta shi da dare, da safe ya ga misalinsa a wurin aiki. Kuma shi ne ɓangaren da aka fi rasawa ga wanda ya koyi aikin ta kallon na gaba da shi kawai. Irin wannan mutumin ya san maɓallin da zai danna a manhajojin tsari irin su Eclipse ko Monaco ko RayStation, amma ranar da kwamfuta ta fitar da lambar da ba daidai ba, babu abin da zai faɗa masa a zuciya cewa da matsala.

Ba tsoratarwa nake yi ba, abu ne da ya faru. A babbar cibiyar kansa ta ƙasar Panama, tsakanin 2000 da 2001, manhajar tsari tana karɓar tubalan da ke kare lafiyayyen nama huɗu ne kawai a filin haske ɗaya, ana kuma bukatar na biyar. Ma'aikata suka samo dabarar shigar da su duka a matsayin tubali guda. Hoton da ya fito a allo ya yi daidai, amma lokacin haskawa da kwamfutar ta lissafa ya kai kusan ninki biyu. Ba wanda ya sake lissafin da hannu. Marasa lafiya 28 suka sha fiye da kima, wasu suka rasu. A wani asibiti a Arewacin Staffordshire ta Ingila kuma akasin haka aka samu. An kawo sabuwar kwamfuta a 1982 wadda take gyara lissafin tazarar na'ura da jikin mara lafiya da kanta, ma'aikata ba su sani ba suka ci gaba da yin gyaran da hannu, ya zama sau biyu. Sai a 1991 aka gano, bayan fiye da mutum 1,000 sun sami ƙasa da abin da aka rubuta musu. Kusan shekara tara ke nan, a ƙasar da ba ta rasa kayan aiki ba. A duka wuraren biyu na'ura lafiyarta ƙalau. Abin da aka rasa shi ne fahimtar abin da manhajar take yi, da al'adar mutum na biyu ya sake lissafi ta wata hanya dabam. Kwas mai kyau zai dasa miki wannan al'ada.

Sai abin da intanet ba zai ba ki ba. Mutum ba ya zama tela da karanta littafin ɗinki, sai ya riƙe almakashi ya yanka yadi a gaban maigidansa. Sanin cewa wannan tsarin ya yi kyau a allo amma na'urarku ba za ta iya juyawa ta wannan kusurwar ba tare da ta bugi gado ba. Sanin cewa dattijon nan mai ciwon baya ba zai jure kwanciyar minti ashirin ba, gara tsari mai sauƙi da sauri. Lura da cewa mai kansar wuya ya rame a mako na huɗu, robar fuskarsa ta yi masa yawa, dole a sake hoto a sake tsari. Waɗannan sai a ɗakin gashi, kusa da wanda ya daɗe yana yi. Jami'o'in ma sun san haka. Jami'ar Sheffield Hallam, wadda ta daɗe tana koyar da fannin gashi daga nesa, da makamantanta, sun gina kwasa-kwasansu ne domin wanda yake cikin aikin, kuma yawancin aikin gida da za a ba ki daga sashenku za ki samo shi. A Birtaniya mai ɗaukar hoton gano cuta da mai gashi digirinsu na farko ma daban ne. Saboda haka ki rubuta musu tun kafin ki cika fom, ki faɗa musu gaskiya cewa daga ɓangaren CT kike, ki ji ko za su karɓe ki, da sharaɗin da za su gindaya.

Tsarin karatun Birtaniya yana da wani sauƙi da ya dace da halinki. Hawa uku ne: kiredit 60 ki sami satifiket na gaba da digiri, 120 difloma, 180 cikakken mastas tare da kundin bincike. Kowane kiredit ana ƙiyasta shi a awa goma na karatu, ke nan mastas awa 1,800 ne, wanda masu aiki sukan raba a kan shekara uku ko fiye. Ki raba wannan a kan makonni, za ki ga kusan awa goma sha biyu ne duk mako, bayan aikin asibiti da na gida. Ki zauna da maigida ku yi wannan lissafin tare tun yanzu. Shawarata ki fara da hawan farko kawai. Kuɗin da fam ake biya, kin kuma san halin da naira take ciki. In kika tsaya a kiredit 60 kin fita da takarda a hannu, in hali ya yi ki ɗora. Agogo ba zai wahalar da ke ba, lokacinmu ɗaya da na Ingila a bazararsu, a hunturu kuma mun riga su da awa ɗaya. Ki tambaye su ko suna neman jarrabawar Turanci ta IELTS, da ko suna ba ɗalibai damar shiga manhajar tsari ta intanet, domin in haka ne kina bukatar layi mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa.

Akwai wani abu da nake so ki shiga da shi ido buɗe. Misalan da za a koyar da ke na marasa lafiyar Turai ne, waɗanda aka gano cutarsu da wuri, ƙarin ƙarami, ana yi musu IMRT ko VMAT, dabarun da ke daidaita ƙarfin haske da siffar ƙari, a na'urar gashi ta zamani mai suna linak. Naki marasa lafiyar da yawansu sai cuta ta ci jiki suke zuwa, wasu cibiyoyin kuma da tsari mai sauƙi suke aiki, ko da na'urar kobal, wadda ƙarfinta yake raguwa da rabi duk shekara biyar da 'yan watanni, dole a riƙa gyara lokacin haskawa. Kada ki raina wannan aikin. Zama ɗaya na Gy 8 yana sauƙaƙa wa wanda kansa ta shiga ƙashinsa raɗaɗi, ya samu ya yi barci. Duk aikin gida da aka ba ki, ki karkatar da shi ga abin da sashenku yake fama da shi. Kundin bincikenki ma ya zama haka, misali yawan kwanakin da ake katse wa masu kansar bakin mahaifa gashi da yadda ake cike giɓin. Sai dai ki nemi izinin kwamitin ɗa'a na asibiti, ki goge suna da lamba daga kowane hoto kafin ya fita daga sashen.

Game da takarda: mastas ilimi ne, ba lasisi ba ne. Ba zai ba ki rajista da HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya, don yin aiki a Birtaniya ba, kuma a nan gida rajistarki tana hannun hukumar RRBN mai rajistar masu ɗaukar hoton asibiti, kamar yadda take. Ba zai sauya tsarin sa hannu ba: likitan kansa ne yake rubuta adadi ya amince da tsari, masanin fiziks na asibiti ya tantance lissafi. Ki je ofishin ma'aikata da na shugaban sashe ki ji ko za a lissafa miki takardar a ƙarin girma, ki kuma nemi a rubuce cewa za a mayar da ke sashen gashi, da ranakun da za ki riƙa zama a ɗakin tsari, da sunan wanda zai kula da ke. Alƙawarin baki yakan tafi da wanda ya yi shi idan aka sauya shugabanci.

Bukatar kuwa ba a magana. Kimanin rabin masu kansa suna bukatar gashi a wani mataki na jinyarsu, Najeriya tana samun sababbin masu cutar fiye da 120,000 a shekara, cibiyoyin kuma 'yan kaɗan ne, irin su na Zariya da Sakkwato da Abuja da Ibadan da Legas. Nijar ma sai a 2021 ta buɗe cibiyarta ta farko a Yamai da tallafin IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Sayen na'ura ya fi horar da mai tsari sauri, shi ya sa wanda ya iya aikin ba zai rasa wurin zama ba.

Kafin ki biya ko sisi, ki gwada kanki da abin da yake kyauta. Shafin Human Health Campus na IAEA yana da darussa a kan gashi, eContour yana nuna yadda ake shata iyaka a hotunan CT na gaske, ƙungiyar Rayos Contra Cancer tana horar da ma'aikatan cibiyoyi daga nesa, IAEA kuma tana da dandalin AFRONET inda cibiyoyin Afirka suke tattauna marasa lafiyarsu ta intanet. Ki ba wannan wata uku, kina zuwa ɗakin tsari ko da rabin yini ne a mako, ki roƙi masanin fiziks ɗinku ya bar ki ki sake tsara tsofaffin fayiloli a ɓangaren gwaji, ya kwatanta naki da nasa. In wata ukun suka cika kina samun lokacin, kuma asibiti ya ba ki takardar da na ambata, sai ki cika fom ɗin hawan farko.