Gidan hutu a Dubai, mai gida a Gombe: wa zai kula da shi?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Gombe, ina sayar da kayan lantarki. Na sayi gida mai ɗaki biyu a wani dogon bene a unguwar JVC da ke Dubai, da niyyar in riƙa kai iyali hutu sau ɗaya a shekara, in kuma sauka a ciki idan na je sarin kaya. Da muka tashi dawowa na kashe wuta da na'urar sanyaya ɗaki, na kulle ƙofa. Bayan wata takwas na koma na tarar da wari, bango da katifu duk sun yi fumfuna, ga takardun bashi suna jirana alhali ba wanda ya kwana a ciki. Wani yaron unguwarmu da ke aiki a Deira ya ce in ba shi makulli ya zauna ya riƙa kula min da shi. Uwargida kuma ta ce in sa haya. Don Allah mece ce shawararku?

Daga wani mai karatu a Jekadafari, Gombe

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya sa ka ci moriyarsa. Abin da ka yi shi ne abin da kowane mutumin Gombe zai yi, domin a nan idan ka kulle gida ka tafi, abin da za ka dawo ka tarar bai wuce ƙurar hunturu da yanar gizo-gizo ba, sai a share a zauna. Iskarmu busasshiya ce mafi yawan shekara. Dubai kuwa a bakin teku take. Daga Yuni zuwa Satumba zafi yakan haura digiri 40, kuma iskar cike take da danshi. Na'urar sanyaya ɗaki a can aiki biyu take yi: tana sanyaya gida, tana kuma tsotse ruwan da ke cikin iska. Ranar da ka kashe ta ka kulle ƙofa, ranar danshi ya samu wurin zama a katifa da labule da bayan durowa.

Don haka ba a kashe ta gaba ɗaya. A bar ta a kan digiri 25 ko 26 ta riƙa tashi da kanta, a buɗe ƙofofin ɗakuna da na durowa iska ta zagaya, a saki labule kada rana ta gasa kujeru. Warin da ka ji kuma daga wani wuri daban ya fito. A ƙarƙashin kowane masai da wurin wanke hannu da magudanar banɗaki akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ɗan ruwa, wannan ruwan shi ne murfin da ke tare iskar babbar magudana. In aka yi makonni ba a zuba ruwa ba sai ya ƙafe, wari da kyankyasai su samu hanya. Maganinsa mutum ya shiga duk mako biyu ya kora ruwa a ko'ina.

Abin da ya fi ba ni tsoro a gidan bene shi ne yoyo. A yawancin gine-ginen Dubai hitar ruwan wanka tana cikin silin ɗin banɗaki, inda ido ba ya kai wa, haka ma bututun da ke fitar da ruwan na'urar sanyi. Idan hita ta tsufa ta huje, ko bututun ya toshe, ruwa zai yi ta zuba ba wanda ya sani har sai ya sauko wa maƙwabcinka na ƙasa, kuma kai za a nema da gyaran gidansa. Kafin ka fita ka rufe makullin ruwan da ke shigowa gidan, ka kashe hita, mai dubawa ya buɗe idan ya zo ya sake rufewa. A wanke na'urar sanyi aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya kafin zafi ya kankama. Idan ginin sabo ne ka duba ranar da aka miƙa maka shi, domin dokar Dubai ta ɗora wa kamfanin da ya gina alhakin gyaran kayan wuta da na ruwa na shekara 1, na ƙashin ginin kuma shekara 10. Mutane da yawa suna barin shekarar farko ta wuce gida yana kulle, sai sun zo gyara su tarar lokaci ya ƙure. Ka kuma yi inshorar kayan cikin gida da ta ɓarnar da ka iya shafar maƙwabci, akwai ta takaful ga wanda ya fi natsuwa da ita. Inshorar da masu ginin suka yi ta jikin bene ce kawai. Ka karanta sharaɗin da ya yi magana a kan kwanakin da gida zai zauna ba kowa, a nan ake kayar da mutane.

Yanzu batun bashi. Gida irin wannan doki ne, Alhaji, ko ka hau ko ba ka hau ba sai ya ci harawa. Mafi girma a cikin takardun da ka tarar shi ne kuɗin hidimar gini, wanda da shi ake biyan masu gadi da masu shara, ake gyara lif, ake kula da wurin ninkaya da wutar farfajiya, ake kuma tara wani abu don manyan gyare-gyare. Ana lissafa shi a kan kowace murabba'in ƙafa, RERA, hukumar da ke kula da harkar gidaje a Dubai, ce ke amincewa da farashin kowane gini, takardar biya kuma ta Mollak, tsarin intanet na hukumar, take fitowa. Kana iya duba na gininka a manhajar Dubai REST. Mu ɗauki misali kawai: gida mai murabba'in ƙafa 1,000 a kan dirhami 15 kowace ƙafa, dirhami 15,000 ke nan a shekara. Ba kuɗin da ake wasa da shi ba ne. Doka mai lamba 6 ta 2019 ta ba masu kula da gini damar ɗaure gidan da ke da bashi, ba za ka iya sayar da shi ba sai ka biya, kuma idan aka kai ka gaban hukumar sasanta rikicin haya abin yana iya kaiwa ga gwanjo. Sai takardar DEWA, hukumar wuta da ruwa, wadda a cikinta ake saka kuɗin hukumar birni, kashi 5 cikin 100 na ƙimar hayar gidan a shekara, a raba wata 12, ko da kai ne mai gidan. Idan kuma gininku yana sayen sanyi daga kamfani irin Empower, akwai wani tsayayyen kuɗi da ake biya ko ka kunna ko ba ka kunna ba.

Duk waɗannan da dirhami ake biya, kai kuwa naira kake samu. Wannan ne ainihin matsalarka, ta fi fumfuna nauyi. Dirhami a ɗaure take da dalar Amurka a kan 3.67 tun 1997, ba ta motsi. Naira kuwa kafin Yunin 2023 tana wajen 460 kan dala ɗaya a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Dirhami 15,000 ɗin nan da a da ba su kai naira miliyan 2 ba sai ga shi sun haura miliyan 6, ba tare da an ƙara ko fitila ɗaya a ginin ba. Ga kuma hanya da ba a hannunka take ba: daga ƙarshen 2022 Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza sai a Yulin 2024, jirgin Emirates ma bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba 2024. A tsakanin nan ne, ranar 16 ga Afrilu 2024, aka yi ruwan saman da ba a ga irinsa ba a shekara 75, wanda ya shiga gidaje da wuraren ajiye motoci. Wanda ya dogara da zuwansa na shekara-shekara don duba gida ya yi kusan shekara biyu bai taka ƙofarsa ba. Takardar mallaka ita kaɗai ba biza ba ce. Idan ƙimar gidan ta kai dirhami miliyan 2 kana iya neman izinin zama na shekara 10, wanda ba ya mutuwa don ka daɗe a waje, saɓanin izinin zama na yau da kullum da ke lalacewa idan mutum ya wuce wata shida bai shiga ba.

A kan yaron unguwarku, ban san shi ba, mai yiwuwa mutumin kirki ne, amma ba zan ba da wannan shawarar ba. Haya tana da tsada a can, kuma wanda ke zaune a gida mai ɗaki biyu kyauta, 'yan uwa da abokai ba za su bar shi ya kwana shi kaɗai ba. Yau baƙo ɗaya daga Kumo, gobe biyu daga Dukku, jibi an kafa gado a falo ana karɓar kuɗi. Hukumar birnin Dubai ta matsa lamba sosai a kan cunkoso da yanka ɗakuna ba izini, musamman a 2025, kuma sunanka ne a kan takardar gidan. Ranar da za ka ce ya tashi iyali na zuwa, maganar ba za ta tsaya tsakaninku ba, sai ta zo har zauren mahaifinsa a Jekadafari. In kana son taimaka masa, ka yanka masa wani abu duk wata ya riƙa shiga yana dubawa ya turo maka bidiyo ta WhatsApp, a yi a rubuce, ba kwana. Ko hakan sai ka kai sunansa wurin masu kula da ginin, don ba kowa masu gadi ke bari ya hau ba.

Maganar uwargida ta fi kusa da gaskiya, sai dai haya iri biyu ce, kuma sun sha bamban. Hayar shekara ita ce mai kwanciyar hankali: a rubuta yarjejeniya, a yi mata rajista a tsarin Ejari, ɗan haya ya ɗauki kuɗin wuta da ruwa, kai ka biya kuɗin hidimar gini daga abin da ya shigo. Amma daga ranar gidan ya daina zama gidan hutunka. Dokar haya ta 2007 da gyaranta na 2008 ta ce idan kana son ɗan haya ya tashi don ka shiga da kanka ko ka sayar, sai ka ba shi sanarwar wata 12 ta hannun jami'in shaidar takardu ko wasiƙa mai rajista. Ba irin namu ba ne da ake aika yaro a ce mai gida yana son gidansa bayan Sallah.

Ɗaya kuma ita ce hayar kwanaki ga masu yawon buɗe ido. Tana bukatar lasisi daga ma'aikatar tattalin arziki da yawon buɗe ido ta Dubai, kuma ga mutumin da ke Gombe hanya ɗaya ce, a ba kamfani mai lasisi ya riƙe. Su za su sa gidan a shafukan neman masauki na intanet irin Airbnb da Booking.com, su karɓi baƙi, su wanke zannuwa, su cire kasonsu, wanda galibi yakan kama daga kashi 15 zuwa 25 cikin 100, kai kuma ka keɓe makonnin da za ka zo. Kuɗin wuta da sanyi da intanet duk a kanka suke, kujeru da katifu za su tsufa da wuri, kuma wanda ya biya ya shiga ba za ka tambaye shi abin da zai sha a falonka ba. Wannan na ƙarshen sai ka auna da zuciyarka, ka tambayi malaminka. Akwai kuma lissafin lokaci. Dogon hutun yara a Gombe daga ƙarshen Yuli ne zuwa Satumba, daidai lokacin da a Dubai ba a iya tsayawa a waje da rana, rayuwa ta koma daga gida sai mota sai babban kanti. Lokacin daɗi shi ne Disamba zuwa Maris, kuma shi ne lokacin da hayar kwana ta fi tsada. Duk makon da ka zauna a Disamba, kuɗin da zai riƙe gidan ne ka ci.

Ni dai a ganina, idan zamanku a shekara bai kai wata ɗaya ba, ka sa hayar shekara, idan kun je ku kama masauki da kuɗin hayar. Idan kuma zuwanka sari yana da yawa har kana bukatar makulli a aljihu, ka ba kamfani mai lasisi. Kowanne ka zaɓa, kuɗin haya su zauna a can a dirhami, kada ka kwaso su gida sai ka ware kuɗin hidimar shekara guda gaba. Idan kana riƙe da muƙamin gwamnati ko kana shirin takara, ka tuna gidan yana cikin abin da ake bayyana wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, kuma tsarin mulkin 1999 ya hana gwamna da kwamishina da ɗan majalisa riƙe asusun banki a waje.

Duk wanda zai tsaya maka a can zai bukaci takardar wakilci. Ka fi samun sauƙi idan ka yi ta a Dubai kana can, domin wadda aka rubuta a Najeriya sai ta bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadancin Daular a Abuja, a sake buga mata hatimi a Dubai, a fassara ta zuwa Larabci. A rubuta a fili cewa wakilcin na haya ne da gyara da biyan kuɗi, ban da sayarwa da jingina, a kuma sa ranar ƙarewarsa. Irin wannan zagayen ne magada za su yi da takardar gado idan ta Allah ta kasance, kuma banki yana rufe asusun mamaci da zarar labari ya kai masa, sai kotu ta gama rabo, alhali kuɗin hidimar gini yana ta taruwa. Don haka ka ba uwargida da babban ɗanka kwafin takardar mallaka, da lambar asusun DEWA, da sunan kamfanin da ke kula da ginin, su san inda na asali suke.