Ka bar ni in je da ƙafata

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka ce ranka ba ya daɗi idan aka gan ni a layin kemis ko na banki riƙe da sanda alhali kana nan kai da ƙannenka, kuma ka tambaya ko ba haka aka gada ba, yaro ya ɗauke wa babba aike. Haka aka gada, kuma abu ne mai kyau. Ni kaina ban taɓa bari kakanka ya ɗauki ko jaka ina tsaye ba. Sai dai akwai abin da ban gane ba sai da na kai shekarunsa.

Lokacin da muke ɗauke masa aike, gidan cike yake da mutane, wannan ya shigo wancan ya fita, daga safe har dare. Aiken kawai muka raba shi da shi, ba mu raba shi da jama'a ba. Ni kuwa fa? Kuna fita aiki da sassafe gidan ya yi tsit. Abokan aikina mun watse tun da na yi ritaya, tsararrakina kuma, ka san nawa muka raka a 'yan shekarun nan. Idan ka karɓo mini magani, ka biya mini kuɗin wuta ta waya, ka aiko da saye-saye har ƙofa, to ka gama mini komai, kuma rana za ta faɗi ban yi magana da kowa ba.

Bari in ba ka labarin makon jiya. Ina layin kemis sai ga wata yarinya a bayana, goye da jariri yana ta kuka, ita ma idonta ya ciko. Na ce ta wuce gabana. Kafin a haɗa mata maganin ta gaya mini ɗanta na fari ke nan, kwana biyu ba ta runtsa ba. Na ba ta labarin yadda ni da innarka muka kwana a zaune kan zazzaɓin yayanka, muna tsammanin duniya ta ƙare, ga shi yau da nasa 'ya'yan. Na ce mata in zafin jikin bai sauka ba kada ta tsaya, ta kai shi asibiti. Ta yi murmushi, ta yi godiya, ta tafi. Ban san sunanta ba, ba kuma lalle mu sake haɗuwa ba. Amma na dawo gida ina jin har yanzu ina da amfani ga wani, kuma wannan ba abin da za a iya aiko mini da shi a leda ba ne.

Yaron da ke kemis ɗin ma, da na yi mako biyu ina fama da gwiwa, ina shiga ya ce, “Baba, lafiya kwana biyu?” Wanda ba danginka ba ya lura ba ka nan. Sai ka tsufa za ka san nauyin wannan tambayar.

Kada ka ɗauka rigimar tsufa ce tawa ni kaɗai. Kaɗaici ya dami tsofaffi har Birtaniya ta naɗa minista a kansa a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. A ƙasar Holan, kantunan Jumbo sun buɗe layin biyan kuɗi na musamman a 2019 domin wanda ba ya sauri, yana son ya ɗan taɓa hira da mai karɓar kuɗi. Abin da suke kashe kuɗi su dawo da shi ke nan kake so ka raba ni da shi saboda ƙauna. Ga kuma jiki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kai shekara 65 ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Tafiyata zuwa kanti da dawowa ita ke cika mini su. Ƙafar da aka ajiye ba ta jira, mutuwa take yi.

Ba na ce kullum daɗi ake ji ba. Akwai wanda ya taɓa daka mini tsawa don na daɗe ina ƙirga canji, abin ya tsaya mini a rai har dare. Kuma na san akwai macuta, shi ya sa ba na miƙa wa baƙo katina, balle in faɗa masa lambar sirri, komai daɗin bakinsa.

In kana son ka cika abin da ke wuyanka, ga yadda za mu yi. Kaya mai nauyi naka ne, haka aiken dare da na ranar ruwan sama. Sauran ka bar mini. Ranar Asabar kuma ka zo mu fita tare, ka rage saurinka ya yi daidai da nawa, in na tsaya gaisawa da wanda ba ka sani ba kada ka duba agogo.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yaran.

Baffanka.