Tambayi Tanti: Kayan adon Nowel sun fi ƙarfin aljihuna, yaya zan yi da yara?

Tambaya: Tanti barka da hunturu. Ni mai karanta filinki ce daga Bukoki nan Yamai, ɗiyana huɗu kuma ni ke koyar da yara ranar Lahadi a majami'armu. Bana komai ya yi tsada, na je kasuwa na taya itacen Nowel na roba da girlandi sai na juyo hannu rabbana. Ina son in tara yaran, su wajen 15, mu yi kayan ado da kado, wato ƴan kyaututtuka, da hannunmu amma ban san ta ina zan fara ba, jika biyar kaɗai gare ni, kuma ina tsoron a ce rowa ce ta sa.

Amsa: Barka kadai ƙanwata. Maganar rowa ki fidda ta daga ranki tun yanzu, wanda ya zauna ya ɓata yini guda yana yi ma mutum abu da hannunshi ba marowaci ba ne, kuma jika biyar ɗin nan ta isa in kin san inda za ki sa ta.

Itacen da kika taya al'adar Jamus ce tun wajen ƙarni na 16, can inda ake ƙanƙara. Shi kuwa komin dabbobi da ake cewa kiresh, wato kwaikwayon wurin da aka haifi Yesu, ya girme shi nesa, wani malamin Kirista, Faransis na Asisi, ya fara shirya shi a ƙauyen Greccio na Italiya a 1223. To ki duba abin da ke ciki, jariri a komi, ciyawa, jaki, tumaki da makiyaya, wane ƙauye ne na ƙasarmu babu waɗannan? Ni abin da ke ba ni tausayi shi ne in ga an manna auduga wai ƙanƙara alhali labarin ya fi kama da gidanmu. Don haka da kiresh za ki fara.

Ki samu babbar ƙwarya, ko wadda ta tsage ma ta yi, ki jingine ta a gefe ki shimfiɗa harawa ko busasshiyar ciyawa ciki. Yara su kwaɓa yumɓu kowa ya gina abu guda, wannan rago wannan raƙumi, ƙananan su yi ƴan tukwane. Amma a inuwa za ki shanya su kwana uku ko huɗu, ki ɗan rufa da tsumma, don iskar hunturu da rana suna busar da bayan kafin cikin ya bushe sai ki wayi gari duk sun tsattsage, yara su yi ta kuka.

Tauraro kuma karan dawa guda biyar masu tsawo ɗaya, a gitta a ɗaure da zare. Girlandi ki je wurin telan unguwa ki roƙi ragowar ƙyallen atamfa, lokacin nan ɗinki ya yi musu yawa sharewa suke yi, a yanka a ƙulla a igiya. In dole sai da itace, busasshen reshe a gwangwanin tumatir da yashi ya wadatar. Kol na manne abubuwa ma kada ki saya, fulawa ludayi ɗaya ruwa kamar huɗu a dama kan wuta har ta yi kaurin talge, sai dai ba ta wuce kwana biyu take tsami.

Kuɗinki su tafi ga zare, fenti kaɗan, ƙoƙuna da fulawar cincin. Kasuwar Katako za ki samu kwali da waya da gwangwanaye da araha, kuma in da hali ki kai manyan yaran ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata ko gidan tarihi na Boubou Hama su ga yadda ake zanen ƙwarya da saƙar kaba, yaro in ya ga babba yana cin abinci da sana'ar nan ba ya ƙara raina ta.

Kado kuwa, cincin ko dubulan a cikin ƙoƙon da yaro ya zana da kanshi, a rufe da ɗan faifai. Wannan har maƙwabtanku Musulmi za ki aika ma, su da ke kawo muku nama ranar layya. In ɗiyansu suna son shiga aikin ki fara tambayar iyayensu, kuma ki ba su ɗaurin girlandi da zanen ƙoƙo, kada ki sa su ginin siffofi.

Kada ki bari sai 24 ga wata. Ki raba zama uku, yumɓu da farko, ado ranar 18 ga Disamba tunda hutun ranar Jamhuriya ne babu lakwal, tuya kuma ana jibi Nowel. Wuƙa da almakashi su tsaya hannun manya, kuma don Allah ko an ɗauke kuran kada a kunna buji kusa da harawa da kara, fitilar batir za ki sa cikin ƙwaryar.