Amsar ƙorafin Gwaggo kan tallan da ke ta faɗo mata a waya

Ga muryar da ɗan'uwanmu mai gyaran waya ya turo zaurenmu na WhatsApp jiya da daddare, an rubuto ta saboda waɗanda ba su samu saurare ba. Gwaggo ce ta yi ƙorafin wayarta na ta ƙara dare da rana, ana turo mata saƙon wai bairos ya shige ta, wani lokaci har da hotunan banza.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gwaggo barka da dare, ya ƙarfin jiki? 'Yan'uwa ina gaida kowa, manyanmu Allah ya ƙara girma.

To Gwaggo, na saurari muryarki, na kuma duba hoton fuskar wayar da aka turo. Ki kwantar da hankalinki, wayarki lafiyarta ƙalau. Wannan jan rubutun da ke cewa an gano bairos biyar, batir zai lalace nan da minti kaza, ki danna nan a wanke miki, ƙarya ce tsagwaronta. Shafin intanet ba shi da ikon leƙa cikin wayarki ya ƙirga cututtuka. Hoto ne aka zana, aka ɗora tambarin kamfanonin maganin bairos irin su McAfee ko Norton a kai don ya yi kama da gaske, kuma saƙo ɗaya suke tura wa kowa, mai sabuwar waya da mai tsohuwa.

Ki sake duba hoton nan da kyau. A can sama, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta Chrome, wato manhajar buɗe shafukan intanet, a gefensa kuma ga sunan wani shafi, haruffa a cakuɗe da ba su ba da wata ma'ana. Yauwa, to wannan shi ne mai laifin. Abin da ya faru, wata rana wani ya buɗe wani shafi da wayar nan, sai ɗan akwati ya fito yana tambaya da Turanci, a bar shafin nan ya riƙa turo sanarwa? Zaɓi biyu ne, "Allow" da "Block". Aka danna "Allow". Shi ke nan. Tamkar mai talla ne ya yi sallama sau ɗaya kika ce masa ya riƙa shigowa duk sanda ya ga dama, to ga shi yana shigowa har ƙarfe biyun dare. Ko an rufe Chrome ɗin, ko an kashe wayar an kunna, muddin akwai data saƙon zai iso, don izinin na nan a rubuce.

Asalin abin ba don sharri aka yi shi ba. A 2015 Google ya sa shi a Chrome, don gidajen jarida da irinsu su riƙa sanar da mutum in sabon labari ya fito. 'Yan damfara suka ga ƙofa. Su kuma ba sa ce maka ka ba mu izinin damun ka, a'a. Sai su ce danna "Allow" don a tabbatar kai mutum ne ba na'ura ba. Ko danna "Allow" bidiyo ya fara. Ko danna fim ya sauka. An fi cin karo da su a shafukan sauke finafinai kyauta, da na kallon ƙwallo kai tsaye, da waɗannan link ɗin da ake ta yaɗawa na kyautar data ko tallafin gwamnati, a ce sai ka tura wa zaure biyar kafin a ba ka. Wannan zauren namu ma ana turo su, ba zan kama suna ba, mai yi ya san kansa.

Akwai maganar da nake so manya su ji ni a kanta. Na ji a muryar Gwaggo tana cewa tun da jikanta ya ɗauki wayar hotunan matan banza suka fara fitowa, har ta yi masa faɗa. Don Allah a sassauta wa yaron. Fitowar hoton ba shaida ba ce cewa ya kalli abin da bai kamata ba. Waɗannan mutanen izinin suke tarawa, sannan su sayar wa duk mai tallan da ya biya, yau caca, gobe maganin ƙarfin maza, jibi hoton tsiraici, gata a ce kin ci iPhone. Yaro na iya shiga neman wasan mota ko sakamakon ƙwallo ya danna abin bai ma san me aka rubuta ba. A shago ina ganin wayoyin limamai da malaman Islamiyya da wannan matsalar, mutum ya zo yana rufe fuskar wayar da hannu don kunya, alhali karatun wani malami ya je saukewa. Wallahi an sha zargin mata da miji a kan abin da ba su ji ba ba su gani ba. A daina saurin yanke hukunci.

To yanzu gyara. Gwaggo ki miƙa wa ɗaya daga cikin 'yan matan gidan wayar, ta bi ni a hankali.

Hanya mafi sauƙi, in saƙon ya sake faɗowa, kar a taɓa shi taɓawar buɗewa. A ɗora yatsa a kansa a danne, a riƙe kamar daƙiƙa biyu. Zaɓi zai fito na kashe sanarwar wannan shafin, a kashe. A sababbin Chrome, tun wajen 2024, akan ga "Unsubscribe" a ƙarƙashin saƙon ma, in an gan shi a danna, magana ta ƙare.

Amma ni na fi son a bi ta tushe, don da wuya ka samu shafi ɗaya ne kawai. A buɗe Chrome. A sama ta hannun dama akwai ɗigo uku a jere, a danna. A gangara a shiga "Settings". A sake gangarawa a nemi "Site settings", a cikinsa a shiga "Notifications". A nan za a ga jerin shafukan da aka ba izini, ƙarƙashin "Allowed". Kar ku yi mamaki in kun ga sun yi yawa. Duk wanda ba ku san shi ba, a danna shi a toshe. In ma ba ku gane ko ɗaya ba, a toshe su gaba ɗaya, ba abin da zai lalace. WhatsApp ɗinki da Facebook da manhajar banki kowanne da tasa hanyar sanarwar, wannan bai shafe su ba.

In an samu zaɓi tsakanin "Block" da "Remove", a ɗauki "Block". Wanda aka cire kawai, in an sake faɗawa shafinsa zai sake tambaya, wanda aka toshe kuwa an rufe masa baki.

Saura abu ɗaya a wannan wurin, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina. A saman shafin akwai maɓallin da ke bai wa shafuka damar yin tambayar tun farko. A kashe shi. Dalili, mutanen nan suna canza suna kamar me, ka toshe wannan yau, gobe su dawo da wani. In ba a bar su sun yi tambayar ba, babu "Allow" ɗin da yaro zai danna. Ni a ra'ayina wayar dattijo ba ta da wata buƙatar sanarwar shafin intanet ko ɗaya. Google ɗin ma tun 2020 yake ta ƙoƙarin rage abin, Chrome na toshe wasu da kansa, amma ga shi har yau suna kutsowa.



Na ga Kawu ya rubuta a tura STOP zuwa 2442. Allah ya saka da alheri Kawu, lambar gaskiya ce, hukumar NCC ce ta fito da ita a 2016, amma aikinta tsayar da saƙonnin tes na talla da ke zuwa ta layi. Wannan na Gwaggo ta intanet yake zuwa, bai bi ta kan layi ba, don haka ba za ta taɓa shi ba. Wani kuma ya ce a goge tarihin bincike. Shi ma goge jerin shafukan da aka shiga ba ya janye izini. Mai cewa a kai a yi filashin kuwa, don Allah a'a. Sana'ata ce, da kuɗi nake so da na ce a kawo, amma a goge hotunan jikoki da lambobin mutane a kan aikin minti uku, ai zalunci ne.

Masu Tecno da Infinix da itel, ku duba da kyau, ba lallai Chrome ne ke damun ku ba. Yawancinsu suna zuwa da Phoenix, wasu kuma sun sa Opera Mini, su ma manhajojin buɗe shafuka ne kamar Chrome, kuma waɗannan suna turo nasu labaran da tallan. Ku danne saƙon ku ga sunan wa ya fito. Sai ku shiga saitin wayar kanta, wajen jerin manhajoji, ku nemo ta, ku kashe mata sanarwa ɗungurungum. Masu iPhone ku kam da sauƙi, sai a 2023 Apple ya yarda da irin wannan sanarwar, kuma sai mutum ya ɗora shafin a fuskar wayarsa da hannunsa. Ku abin da ya fi samun ku shi ne a cika muku kalanda da saƙon tsoratarwa, sai a shiga a cire baƙuwar kalandar da aka yi rajista da ita. Mai kwamfuta, hanyar kusan ɗaya ce, sai dai "Site settings" ɗin na cikin "Privacy and security".

Sai a bambance wani abu. In talla ce ke rufe fuskar wayar gaba ɗaya kana tsakar kira ko karatu, ba a saman nan take tsayawa ba, to wannan ba shafi ba ne, wata manhaja ce aka sa. Galibi irin masu cewa za su wanke waya ko su sanyaya batir, ko wadda aka turo ta Xender ba a san asalinta ba. A tuna me aka sa kwanan nan, a cire. A jerin manhajoji in kun ga wata ba suna ba hoto, fili kawai, ita ce. Sannan a buɗe Play Store, a danna hoton da ke sama, a shiga Play Protect a sa ya bincika.

Gwaggo, tambaya ɗaya zan yi miki, kuma ki ba ni amsa ta gefe ba a zaure ba. Cikin saƙonnin nan akwai wanda kika buɗe har kika rubuta wani abu? Lambar katin ATM, ko lambar sirri, ko BVN, ko wata lamba da aka turo miki ta tes? Don saƙon shi kansa ba ya cire ko kwabo, sai an bi shi an miƙa musu da hannu. In ba ki rubuta komai ba, alhamdu lillahi, a toshe a kwanta. In kuwa an rubuta, kar a jira gari ya waye, a juya bayan katin a kira lambar bankin da ke jiki a ce su rufe shi, da safe a je reshe a canza lambar sirri. Kar a kira lambar da ke cikin saƙon, tasu ce. In kuma lamba shida ta WhatsApp aka bayar, a gaya min yanzu-yanzu mu ƙwato shi kafin su fara bin dangi suna roƙon kuɗi da sunanki.

Wanda ya bi matakan nan ya maƙale a wani wuri, ya ɗauki hoton inda ya tsaya ya turo, don rubutun kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya. Zan duba bayan sallar asuba in sha Allah. A gaida mutan gida, sai da safe.