Fam, sule da kwabo: yadda ake karanta tsohon kuɗin Ingila

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka tsinci rasidin wani kanti na Landan a akwatin marigayi kakanka, an rubuta £3 7s 6d, a wani layin kuma 2/6, ka rasa gane kan abin. Allah ya jiƙan kaka. Ni da wannan kuɗin na koyi lissafi a firamare, da shi kuma na yi tsaron shagon mahaifina, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Da farko ka cire goma-goma daga ranka. Kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 ne fam ɗaya, wato kwabo 240 a cikin fam. Rasidin nan na kakanka fam uku ne da sule bakwai da sisi. Shi kuwa 2/6 sule biyu da sisi ke nan: abin da ke hagun karan (/) shi ne sule, na dama kwabo. In ka ga 5/- to sule biyar ne cif. Harafin d da ya ruɗe ka daga Latin ya fito, denarius, kuɗin Rumawa, ɗan'uwan kalmar dinari da muka sani. Haka s daga solidus, alamar £ kuma daga libra, wato laba ta awo, domin tun asali daga laba ɗaya ta azurfa ake buga kwabo 240.

Sunayen ma ba baƙi ba ne a bakinmu, tunda Najeriya ta yi amfani da tsarin har zuwa 1 ga Janairun 1973, ranar da naira ta shigo a kan sule goma. Ɗari rabin kwabo, taro kwabo uku, sisi shida, nai tara, fataka sule biyu. Duk wanda ya ce maka ba shi da ko sisin kwabo, da wannan kuɗin yake magana ko bai sani ba. Anini dai namu ne na Afirka ta Yamma, ɗaya bisa goman kwabo. Su a Ingila ƙaraminsu farthing ne, rubu'in kwabo, an daina karɓarsa daga ƙarshen 1960.

Akwai biyu da za su ba ka wahala a tsofaffin takardu. Na farko half crown, shi ne 2/6 ɗin nan, tsaba guda mai nauyi, takwas ɗinsa fam ɗaya. Na biyu gini, sule 21. An fara buga shi a 1663 da zinaren da ake ɗaukowa daga gaɓar Gini, nan yankinmu, shi ya sa sunan. An daina buga shi tun farkon ƙarni na 19, amma likitoci da lauyoyi da manyan teloli suka ci gaba da yanka farashi da shi, don ana ganin ya fi fam daraja. Har yau da gini ake gwanjon dawakin sukuwa a can.

Yara suna ce min tsarin nan wahala ce kawai. Ban yarda ba. Ina iya tuna mahaifina zaune bayan teburin shago, fensir a maƙale a kunne, mutum uku sun yi tarayya a kan kayan fam ɗaya. Ko takarda bai taɓa ba ya ce kowa sule shida da kwabo takwas, kuma babu ko rabin kwabo da ya yi saura. Gwada raba 100 gida uku ka gani. Ita 240 tana rabuwa gida biyu, uku, huɗu, biyar, shida, takwas, goma, sha biyu. Ga kuma dabarar dozin: in abu ɗaya kwabo huɗu ne, dozin ɗinsa sule huɗu, ba sai ka yi dogon tunani ba.

Inda ake shan wuya shi ne tarawa. Malaminmu yakan ja layi uku a allo, fam, sule, kwabo. A ce 7s 9d da 5s 6d. Kwabo sun zama 15, ka cire 12 ka kai sule ɗaya gidan gaba, saura uku. Amsa 13s 3d. Wanda ya manta ya kai goma maimakon sha biyu, ranar ya sha dorina.

Ingila ta bar tsarin ranar 15 ga Fabrairun 1971. Fam bai canza ba, sai dai aka raba shi gida 100. Sule ya koma sabon peni 5, fataka 10, sisi biyu da rabi. Ba dare ɗaya aka yi ba: tun 1968 aka fitar da tsabar 5 da 10 daidai girman sule da fataka don hannu ya saba, sisi kuma ya ci gaba da yawo har 1980.

A lissafin yanzu rasidin kakanka £3.37 ne da rabin peni. Kada ƙanƙantar adadin ta yaudare ka, fam na wancan zamani yana sayen abin da na yau ba zai kusanta ba. Ka duba shekarar da ke jikin takardar ka turo mana hotonta, sai mu bi ta layi-layi tare.