Angels da Ohtani: laifin masu jifa ne ko na masu riƙe da jaka?

TAMBAYA: Salam malam. Ni ɗan Kaduna ne, saboda Shohei Ohtani na fara kallon besbol a YouTube tun yana Los Angeles Angels, kuma har yau abin na ɗaure min kai. Ta ya ƙungiya za ta haɗa Ohtani da Mike Trout har shekara 6 amma ko sau ɗaya ba ta kai wasannin fidda gwani ba? Abokina ya ce duk laifin masu jifa ne, ni kuma na ce kuskuren shi ne ƙin sayar da Ohtani da suka yi a 2023. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin naka ya fi ka kusa da gaskiya, amma shi ma ya tsaya a rabin hanya, don masu jifa ba daga sama suka faɗo ba, wani ne ya zauna a ofis ya zaɓo su ya sa hannu a cek. Kai kuma ka gano ciwon amma ka makara da shekara guda, zan zo kan wannan.

Fara da lissafin wasan kansa tukuna. A MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, kowace ƙungiya wasa 162 take yi a kaka, kowane wasa zango 9, ka ga kenan sai an samu masu jefa mata zango wajen 1,450. A 2023, shekarar da Ohtani ya ci kyautar MVP, wato gwarzon ɗan wasa na kaka, ba tare da ko mutum ɗaya ya zaɓi wani ba, zango 132 ya jefa. Ko kashi ɗaya cikin goma bai kai ba. Sauran zango dubu da ɗari uku ɗin nan fa dole wasu ne za su jefa, kuma a nan ake cin kaka ko a zubar da ita. Ta wajen duka ma haka ne, don Ohtani yana jifa yana kuma duka, layi ake bi mutum 9, komai gwanintarka sau 4 ko 5 sanda za ta zo hannunka a wasa, ba yadda za ka ce a miƙo maka ita don an shiga matsi. Shi ya sa a besbol gwani biyu ba sa ɗaukar ƙungiya a kai, ko da su ne suka fi kowa a duniya.

To ina kuɗin Angels suka tafi? Arte Moreno ya sayi ƙungiyar a 2003, kuma ba marowaci ba ne, wannan kam a ba shi. Matsalar inda yake zuba kuɗin. A ƙarshen 2011 ya ba mai duka Albert Pujols kwantiragin shekara 10 kan dala miliyan 240, mutumin ya riga ya haura 30. Shekara na zagayowa ya ba wani mai dukan, Josh Hamilton, miliyan 125 na shekara 5, a 2015 suka mayar da shi Texas kuma su ne suka ci gaba da biyan mafi yawan albashin. A 2019 Trout ya samu miliyan 426.5 na shekara 12, wannan ba wanda zai ce uffan. Sai kuma babbar, Disambar 2019: Gerrit Cole, mai jifan da ya fi kowa tsada a kasuwa a lokacin, ɗan yankin Orange County ne, wato ɗan unguwarsu, ya tafi Yankees kan miliyan 324, kwana kaɗan bayan nan Angels suka juya suka ba Anthony Rendon miliyan 245 na shekara 7, shi kuma mai duka ne mai tsaron tasha ta uku. Rendon ya zo da zafinsa daga cin kofin duniya na besbol da Washington Nationals, amma duba wasannin da ya buga: 58 a 2021, 47 a 2022, 43 a 2023, 57 a 2024. Cikin 162 fa. Rauni ba laifin mutum ba ne, amma wajen miliyan 35 a shekara na zaune a benci, kuɗin da zai ɗauko masu jifa biyu nagari. In kana bin ƙwallon ƙafa ka tuna Real Madrid ta 2003 da ta tara su Zidane da Ronaldo da Beckham ta kuma saki Makelele, to kusan irin kan nan ne.

Su kuma masu jifa sai aka riƙa haya musu shekara ɗai-ɗai, ana tsinto waɗanda suka taɓa yin suna ana fatan Allah ya sa su farfaɗo. Kafin in lissafo su ga ma'aunin da za ka riƙa dubawa, ERA, wato makin da ake ci a hannun mai jifa in an auna shi a zango 9. Ƙasa da 3 gwani ne, wajen 4 shi ne tsaka-tsaki, in ya haura 5 to ana shan wahala. Matt Harvey a 2019, miliyan 11, ERA 7.09, tun a Yuli aka sallame shi. Julio Teheran a 2020, ERA 10.05, wallahi ba kuskuren rubutu ba ne. José Quintana a 2021 shi ma bai ƙarasa kakar da su ba. Noah Syndergaard a 2022 miliyan 21 na shekara guda, ya ɗan taɓuka, a Agusta aka tura shi Philadelphia. Ba wai kwantiragin shekara ɗaya haramun ba ne, kowace ƙungiya na yi don cike gurbi na 4 ko na 5, amma in shi ne ginshiƙinka duk shekara to kana nuna cewa ƙananan ƙungiyoyinka na horar da matasa ba sa fitar maka da komai. Kuma sun san haka, don a zaɓen matasa na 2021 manajansu Perry Minasian ya yi abin da ya ba kowa mamaki, zaɓi 20 yake da su, duka 20 ɗin masu jifa ya ɗauka. Wannan ba dabara ba ce a wurina, ihu ne na wanda rumbunsa ya ƙare.

Sai dai ka faɗa wa abokinka ya duba 2022 kafin ya ɗora komai a kan masu jifa. A shekarar jifansu na cikin goman farko a MLB, Ohtani ERA 2.33 a zango 166, Patrick Sandoval 2.91, Reid Detmers yaro sabon shiga ya jefa wasa sukutum a Mayu ba wanda ya samu duka mai kyau ko ɗaya a hannunsa cikin 'yan Tampa Bay. Duk da haka suka sha kashi 14 a jere, aka kori koci Joe Maddon a Yuni, suka gama da nasara 73 rashin nasara 89. Me ya faru? Bayan Trout da Ohtani da Taylor Ward layin dukan kusan fanko ne, in mutum ɗaya ya ji ciwo ba mai maye gurbinsa. Wato bargon gajere ne ta kowane ɓangare, shekarar da jifa ya gyaru duka ya lalace, shekarar da duka ya motsa jifa ya zube.

Yanzu ga taka maganar. Lokacin sayar da Ohtani Agustan 2022 ne, ba 2023 ba. A lokacin ƙungiyar ta riga ta fita daga lissafi, kuma shi yana da saura kaka ɗaya da rabi a kwantiragi, wanda zai saye shi zai more shi a fidda gwani har sau biyu. A farkon watan ne Nationals suka ba San Diego gwanin mai duka Juan Soto suka karɓi CJ Abrams da MacKenzie Gore da James Wood da wasu, yaran da daga baya suka zama ƙashin bayan ƙungiyar. Soto na da saura fiye da na Ohtani, gaskiya ne, amma Ohtani mutum biyu ne a riga ɗaya. Moreno bai sayar ba, kuma a watan ne ya sanar yana neman mai sayen ƙungiyar gaba ɗaya, a Janairun 2023 ya ce ya fasa. Ni dai fahimtata ba lissafin fili aka yi ba a nan, lissafin tikiti da tallan kamfanonin Japan aka yi.

Yulin 2023 kuwa ina da ɗan uzuri gare su, kaɗan fa. Nasararsu ta fi rashin nasara da 'yan wasanni, gurbin ƙarshe na fidda gwani bai yi nisa ba, rabonsu da shiga tun 2014. Ran 26 ga Yuli suka ce Ohtani ba na sayarwa ba ne, suka ɗauki Edgar Quero, matashin mai cafke ƙwallo da ke cikin mafi daraja a yaransu, da Ky Bush, suka ba Chicago White Sox, suka karɓo Lucas Giolito da Reynaldo López waɗanda kwantiraginsu saura wata 2. Washegari a Detroit wasa biyu aka yi rana ɗaya. A na farko Ohtani ya jefa zango 9 cif shi kaɗai, duka ɗaya tak aka samu a hannunsa, ba maki ko ɗaya. Aka ɗan huta, ya canja riga ya ɗauki sanda a wasa na biyu ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili sau 2, dukan da ke ba da maki nan take, har sai da tsoka ta riƙe shi aka cire shi. Duk wanda ya kalli ranar nan zai ce ai an yi daidai. Amma mai lissafi ba ranar yake kallo ba: Trout na jinya tun farkon Yuli da karaya a hannu, Rendon na jinya, ƙungiyoyi da yawa na gabansu a layi, kuma jadawalin Agusta cike yake da manya.

Shi kansa Giolito da an duba da kyau da an ga alama. ERA ɗinsa a Chicago a shekarar 3.79 ne, ba laifi, amma shekarar da ta gabata 4.90 ne, kuma mutum ne da ake yawan fitar masa da ƙwallo waje. Shi ya sa masu nazari ba sa tsayawa kan ERA kaɗai, suna duba abubuwa ukun da ke hannun mai jifa shi kaɗai ba ruwan masu tsaron fili: mutum nawa ya kora da jifa uku, mutum nawa ya ba tasha kyauta, sau nawa aka buga masa waje. Irin tarkon da suka faɗa da Tyler Anderson kenan, ya yi 2.57 a Dodgers a 2022 bayan shekaru yana sama da 4, suka ba shi miliyan 39 na shekara 3, ya zo ya yi 5.43 a 2023. Giolito ran 2 ga Agusta a Atlanta maki 9 aka ci a hannunsa bai gama zango na 4 ba. Washegari suna gaba da Seattle a zango na 9, Carlos Estévez da bai taɓa zubar da wasa ba a kakar ya cika tashoshi, wani sabon yaro Cade Marlowe ya fitar da ita waje, maki 4 lokaci guda. Kashi 7 a jere suka buɗe watan da shi. Ran 23 ga Agusta jijiyar gwiwar hannun Ohtani ta yage, jifa ya ƙare masa.

Abin da suka yi bayan nan ne ya fi ba ni haushi. Ƙarshen watan suka jera Giolito da López da Matt Moore da Hunter Renfroe da wasu a layin kyauta, duk ƙungiyar da ta yarda ta biya ragowar albashi ta ɗauka, ba musaya ba komai, don kawai jimillar albashinsu ta sauko ƙasa da miliyan 233 su kauce wa harajin da MLB ke ɗora wa masu kashe kuɗi da yawa. Cleveland ta kwashi uku. Wato Quero ya tafi a kan wasa 6 na Giolito, nasara 1 kashi 5, ERA 6.89. Suka sake gamawa 73 da 89, a Disamba Ohtani ya haye babbar hanya zuwa maƙwabtansu Los Angeles Dodgers kan miliyan 700 na shekara 10, abin da Angels suka samu a madadinsa zaɓi ɗaya ne a zaɓen matasa na 2024, bayan zagaye na biyu ma.

A 2024 kashi 99 suka sha, mafi muni a tarihinsu, kuma tunda MLB ba a faɗawa ƙaramin rukuni ba abin da zai tilasta wa mai ƙungiya ya canja hali. Sun dai ba Yusei Kikuchi miliyan 63 na shekara 3 a ƙarshen shekarar, wanda aƙalla ya nuna an fara biyan mai jifa da gaske. Ɗabi'ar da har yanzu ban yarda da ita ba ita ce gaggawar hawo da yara, Nolan Schanuel an zaɓe shi a Yulin 2023, a Agusta yana buga MLB, Zach Neto ma bai cika shekara a ƙasa ba. Neto ya yi kyau, ba musu, amma mai tsaron fili daban mai jifa daban, hannun mai jifa sai an raine shi a hankali. In za ka ci gaba da binsu, ka bar kallon sunan da suka saya a Disamba, ka ƙirga zango nawa yaran da suka raina da kansu suka jefa zuwa ƙarshen Satumba, su José Soriano da Detmers da na bayansu.