Ku Tambayi Fasto: Ɗana ya ce in nuna masa ayar da ta hana caca

TAMBAYA: Baba Fasto ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ɗana mai shekara 22 ya shiga wannan cacar ƙwallo ta waya, har kuɗin makarantarsa ya taɓa. Da na yi masa faɗa sai ya ɗauko Littafi Mai Tsarki ya ajiye a gabana, wai in buɗe inda aka rubuta "kada ka yi caca", in na samu zai bari. Na nema ban gani ba, na tambaya a Zumuntar Mata kowa da abin da take faɗi. Ya ma ce ai manzanni sun jefa ƙuri'a. Don Allah abin da ba a rubuta ƙarara ba, ya halatta kenan? Daga wata uwa, Kafanchan.

AMSA: Mama sannu da haƙuri, Allah ya ba ki ƙarfin zuciya. Zan fara da abin da ba za ki so ji ba, yaron nan ya yi gaskiya a abu ɗaya, babu ayar da ta ce "kada ka yi caca" da waɗannan kalmomin, daga Farawa har ƙarshen Sabon Alkawari. Kar ki ƙirƙiro masa wata, kar kuma ki bari wani ya ba ki ayar da aka lanƙwasa, don ranar da ya gano ba haka aka rubuta ba, to ko gaskiya kika faɗa masa gaba ba zai saurara ba.

Amma fa inda ya yi kuskure shi ne zaton da yake yi cewa Littafin ba ya magana sai da baki buɗe. Ku buɗe Matiyu 22 tare, daga aya 23. Sadukiyawa, waɗanda ba su yarda da tashin matattu ba, sun zo wa Yesu da irin wannan dabarar. Sai ya kai su Fitowa 3:6, inda Allah ya ce wa Musa shi ne Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Duba ayar nan da kyau Mama, ko kalmar tashin matattu babu a ciki, amma Yesu ya ce Allah ba na matattu ba ne, na masu rai ne, wato in har yana kiran kansa Allahnsu bayan sun daɗe da mutuwa to ba su hallaka ba kenan, kuma bai ce musu "ai ba laifinku ba ne tunda ba a rubuta a fili ba", cewa ya yi sun ɓata don ba su san Nassi ba. Bulus ma haka, a 1 Korintiyawa 9:9 ya ɗauko dokar da ta hana sa wa bijimi takunkumi yana sussuka, ya fitar da cewa ma'aikaci ya cancanci ya ci daga aikinsa.

Sai dai ni abin da ke damuna, kuma ina ganinsa a majami'unmu sosai, shi ne ɗaya gefen, mutum ya zuba tunaninsa cikin aya ya ce Allah ne ya faɗa. Yahaya 21 ya ba mu misali. Bitrus ya tambayi Yesu game da wani almajiri, Yesu ya ce in na so ya zauna har in dawo ina ruwanka. Shi kenan fa sai magana ta bazu cikin 'yan'uwa wai almajirin nan ba zai mutu ba, har sai da marubucin ya tsaya a aya 23 ya gyara, ya ce Yesu bai faɗi haka ba. 'Yan'uwa ne fa masu bi, ba maƙiya ba! Ko a wasan Kirsimeti na yaranmu kullum masu hikima uku muke fitarwa, alhali Matiyu 2 bai faɗi yawansu ba, kyautai ne uku, zinariya da lubban da mur. Wannan ba ya cutar da kowa, amma yana nuna yadda zato ke zama "an rubuta" ba mu ankara ba.

To yaya ake bambancewa? Ni dai tambayar da nake yi ita ce, ma'anar da na hango, tana da igiyar da ta ɗaure ta da abin da aka faɗa a fili, ko kuwa a iska take? Ta caca tana da igiya, kuma mai kauri. Fitowa 20:17 ta hana ƙyashin abin maƙwabci, kuɗin da mai caca ke hange kuwa na wasu ne da suka yi asara. 1 Timoti 6:9-10 ta ce masu son yin arziki suna faɗawa cikin jaraba da tarko, son kuɗi kuma tushen kowace irin mugunta ne. Karin Magana 13:11 ta ce dukiyar da aka tara kaɗan-kaɗan ita ce ke ƙaruwa. Sannan kuɗin makaranta amana ne, wanda ya taɓa shi ba ya buƙatar wata ɓoyayyar ma'ana, dokar girmama iyaye da dokar hana sata a fili suke.

Maganar ƙuri'a kuwa, a Ayyukan Manzanni 1:26 addu'a suka yi suna neman wanda zai maye gurbin Yahuza, ƙuri'a ta faɗa kan Matiyas, ba wanda ya zuba kuɗi ba wanda ya ci na wani. In ɗanki yana neman ƙuri'ar da aka jefa don cin kaya, tana Yahaya 19:24, sojoji ne a gindin gicciye a kan rigar Yesu.

Shawarata, ki zaunar da shi ba cikin fushi ba, ki fara da cewa "ka yi gaskiya, ayar ba ta nan", za ki ga ya sauko. Sai ki ba shi ya karanta 1 Timoti 6 da bakinsa, ki tambaye shi nawa ya zuba tun da ya fara, nawa ya dawo. In kin ga ya kasa bari ko da yana so, to abin ya kama shi, ku nemi dattijon da yake jin kunyarsa a ikilisiya, kuɗin makaranta kuma daga yanzu ki riƙa biya da hannunki. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare, ina sa shi a addu'a.